Tambayi Likita: Gwajin sankarar furostet a ƙasar Sin, da inda maganar ta shafe mu

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kuma yawancinsu daga 'yan uwanmu ne da ke zirga-zirgar kasuwanci ko karatu a ƙasar Sin. Kafin in shiga amsa, bari in gyara wani suna. Abin da ake kira "kansar mafitsara" a rediyo sau da yawa ba a mafitsarar yake ba. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata 'yar tsoka mai kamar girman goro, wadda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. Ita ce furostet, kuma a kanta muke magana.

Likita, ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 52, ina yawan zama a Guangzhou. Na yi gwajin lafiya na shekara a can, aka ce PSA ɗina 5.8. Likitan ya ce ta bakin tafinta in sake gwaji nan gaba. Abokin cinikina Basine, mai shekara 61, nasa ya kai 6.3, an bincike shi ba a sami komai ba. Ya ce in kwantar da hankalina. In kwantar?

Alhaji, ka kwantar da hankalinka, amma kada ka kwantar da takardar.

PSA wani sinadari ne da furostet take yi, aikinsa ya tsinka maniyyi. Kaɗan daga cikinsa yana zurarewa cikin jini, shi ne ake aunawa. An daɗe ana ɗaukar 4 a matsayin iyaka, kuma tsakanin 4 da 10 shi ne wurin da yake ba likitoci ciwon kai, domin yawancin masu wannan adadi ba su da sankara. Girman furostet na tsufa yana ɗaga shi. Ciwon sanyi na fitsari yana ɗaga shi. Robar fitsari, doguwar tafiya a kan keke, har kusantar iyali a cikin kwana biyu kafin a ɗebi jinin, duk suna iya taɓa shi. Saboda haka likitan da ya ce ka sake ya yi daidai. Ka sake bayan mako huɗu zuwa shida, ka ƙaurace wa iyali kwana biyu kafin nan, a kuma duba fitsarinka ko akwai ƙwayoyin cuta.

Inda zan rabu da abokin naka shi ne wajen auna ka da mudunsa. Adadi ɗaya ba ma'ana ɗaya yake da ita ga kowane jinsi ba. A shekarar 2019 likitoci daga Hong Kong da takwarorinsu na Turai sun kwatanta mazan da PSA ɗinsu bai wuce 10 ba, waɗanda aka tsakuri naman furostet ɗinsu da allura. A cikin Turawan, wajen rabi aka samu da sankara. A cikin 'yan Asiyan, ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ka ga Basine mai 6.3 yana da dalilin yin murmushi fiye da Bature mai 6.3.

To kai fa? Mu baƙar fata muna can ɗaya bakin. Wani lissafi da aka yi a Ingila a 2015 ya nuna cewa cikin baƙaƙen maza huɗu, ɗaya zai gamu da wannan cuta a rayuwarsa; cikin farare, ɗaya cikin takwas; cikin 'yan asalin Asiya, kamar ɗaya cikin goma sha uku. A Najeriya kuwa ita ce sankarar da ta fi kama maza. Ga shi kuma shekarunka 52 ne kawai, furostet ɗinka bai kamata a ce ta yi girman ta ɗan shekara sittin da ɗoriya ba, don haka 5.8 a jikinka ya fi 6.3 a jikinsa nauyi.

Idan gwaji na biyu ya dawo sama da 4, ka je wurin likitan mafitsara, ba ɗakin gwajin shekara ba. Ka tambayi mahaifinka ko baffanninka ko wani a gidanku ya taɓa yin wannan ciwo, ka kuma gaya wa likitan. Zai iya neman a auna kason PSA da ke yawo a sake cikin jini. A asibitocin Sin idan kason ya gaza 0.16 sukan ƙara sa ido. Zai kuma so ya taɓa furostet ɗin da yatsa ta dubura. Na san yadda mazanmu suke ji da wannan. Akwai wani dattijo da ya zo mini da takardar gwajinsa a ninke huɗu cikin aljihun 'yar ciki, har ta fara yagewa a ninkin, wata bakwai yana yawo da ita saboda wani ya ba shi labarin yatsa. Da aka yi, kafin ya gama salati an gama. Ya tashi yana ɗaura tazuge yana cewa, "Likita, ashe shi ke nan?"

Malam likita, ina karatun likita a ƙasar Sin. An koya mana cewa cutar ba ta da yawa a cikin Sinawa. Me ya sa kuma ake ta maganar gwaji a can?

Ɗana, abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai rabinta ce. Ka duba alƙaluman 2022. Cibiyar kula da sankara ta ƙasar Sin ta ƙiyasta sababbin masu cutar kimanin dubu 134, waɗanda suka mutu kimanin 47,500. A Amurka, a wannan shekarar, an ƙiyasta sababbi kimanin dubu 268, mamata 34,500. Wato ƙasa mai mutum biliyan 1.4 ta gano rabin abin da Amurka ta gano, amma ta binne fiye da ita. Cikin Sinawan da aka samu da cutar daga 2012 zuwa 2015, kashi 66 cikin 100 ne aka ƙiyasta suna kai shekara biyar. A Amurka adadin ya haura kashi 95.

Ba wai sankarar Sinawa ta fi mugunta ba ce. Babban dalili shi ne lokacin da ake kama ta. Ba'amurke yawanci a gwajin jini ake gano tasa, ba ya jin komai. Basine da yawa, musamman na karkara, sai ciwon baya ko na ƙugu ya kai shi asibiti, lokacin cutar ta riga ta shiga ƙashi. Wannan hoton kuwa mun san shi a asibitocinmu kamar yunwar cikinmu. Amma ka riƙe wannan ma: alƙaluman Amurka sun yi kyau har da taimakon ƙananan sankarori masu barci da gwaji ya tono, waɗanda da an ƙyale su ba za su kashe kowa ba.

A nan ne rigimar take. Shi gwajin PSA ɗin ma akwai hannun Sinawa a tarihinsa: a 1979 ne T. Ming Chu da Ming Wang da abokan aikinsu suka tace sinadarin a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo, a Amurka. Daga baya aka shiga yi wa kowa, sai aka ga riba da hasara a haɗe. Babban binciken Turai da aka fitar a 2009, a kan maza kimanin dubu 162 masu shekara 55 zuwa 69, ya nuna gwajin yana rage mutuwa daga cutar da kamar kashi 20 cikin 100. Da aka bi su shekara 16, lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 gwaji, an sami 18 da cutar, sannan a ceci rai ɗaya. Da yawa daga cikin sauran sun sha tiyata ko ƙona da haske, wasu suka koma fitsari yana zubo musu, wasu ƙarfinsu na maza ya tafi. Shi ya sa kwamitin da ke ba Amurka shawara a kan gwaje-gwaje ya ce a daina a 2012, sannan ya sassauta a 2018 ya ce ɗan shekara 55 zuwa 69 ya zauna da likitansa su yanke.

Ƙasar da cutar ba ta da yawa a cikinta, idan ta ce za ta gwada kowa, allurar banza za ta fi yawa. Don haka ƙa'idar da Sin ta fitar a 2022 ba ta ce a bi gida-gida ba. Ta ware masu haɗari: ɗan shekara 60 zuwa sama, ɗan 45 idan akwai cutar a danginsa, ɗan 40 idan yana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta BRCA2. Gwajin PSA ne, duk bayan shekara biyu, ga wanda ake sa ran yana da sauran shekara goma ko fiye a gaba. A ganina tsari ne mai hankali ga Sinawa. Idan ka dawo gida kada ka zo mana da wannan sittin ɗin. Namu mazan ya kamata a fara zancen da su tun suna 45.

Likita, maigidana zai je Shanghai wata mai zuwa. Ya ce tunda na'urorin ɗaukar hoto sun wadata a can, zai yi MRI kai tsaye, ba sai ya tsaya gwajin jini ba. Hakan ya fi?

Hajiya, ki ce masa da jini ake farawa. Hoton MRI yana da daraja ƙwarai, amma matsayinsa na biyu ne, kuma ƙa'idar Sin ɗin kanta ba ta yarda a yi amfani da shi kaɗai wajen tace masu lafiya ba.

Ga amfaninsa. Da can, duk wanda PSA ɗinsa ya hau, sai a soka masa allura wuri goma ko goma sha biyu a furostet, kusan a makance, a tsakuro nama. Yanzu ana fara kwantar da shi cikin na'urar. Ba ta da haske mai cutarwa, maganaɗisu ne. Abin da ke damun mutane shi ne ƙara, kamar ana sassaƙa turmi a gefen kunnenka, da kwanciya ba motsi na wajen rabin awa. Mai karanta hoton zai ba duk tabon da ya gani maki daga 1 zuwa 5. Ɗaya da biyu, da wuya a ce akwai sankara mai haɗari. Huɗu da biyar, sai allura, kuma yanzu an san inda za a nufa da ita. Uku shi ne mai raba kan likitoci. A nan sukan raba PSA da girman furostet ɗin, idan abin da ya fito ya haura 0.15 sai su karkata ga allura.

A wani bincike na 2018 a kan maza 500, waɗanda aka fara yi wa hoto kashi 28 cikin 100 sun tsira daga allura gaba ɗaya, kuma an kama sankara mai haɗari a kashi 38, alhali tsohuwar hanya ta kama kashi 26. Ga Sinawa, da yawancin allurarsu kan dawo ba komai, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai duk waɗannan mazan an riga an yi zarginsu kafin a sa su cikin na'urar. Mutumin da jininsa lafiya lau, idan ya shiga don kawai na'urar tana kusa, abin da zai iya fitowa da shi shi ne maki uku da rashin barci. Kuma hoto yakan yi kuskure, kyansa ya dogara ga idon mai karantawa. Idan har ta kai ga ya yi, ya karɓo hotunan kansu a faifai, kada ya tsaya a takardar bayani da aka rubuta da Sinanci, don likitansa na gida ya sami abin dubawa.

Wai da gaske ne waken suya da koren shayi ne suke kare Sinawa? In dage da awara?

Ka ci awararka, abinci ne mai kyau. An lura cewa Sinawan da suka koma Amurka sun fi na gida kamuwa da cutar, don haka ana zargin abinci da yanayin rayuwa suna da hannu, ko da yake can ɗin an fi yin gwaji, wanda shi ma yana ƙara adadin. Amma awara ba rigakafi ba ce, kuma ba ta tsaya a madadin gwaji. Tunda ka ambata a saƙonka cewa kana shan finasteride saboda fitsari, wannan ya fi awarar muhimmanci: maganin yana rage PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara. Idan takardarka ta ce 2.5, a karanta ta kamar 5. Ka faɗa wa duk likitan da zai duba ta.

Ɗana da ke Beijing ya matsa sai na yi wannan gwaji. Shekaruna 79, ina da ciwon zuciya da suga, fitsarina kuma lafiya.

Baba, Allah ya yi wa ɗan naka albarka, amma ni ba zan matsa maka ba. Wannan sankara yawanci tafiyar hawainiya take yi. A wani bincike na Birtaniya, mazan da aka gano tasu da wuri aka bi su shekara 15, kimanin 97 cikin 100 ba ita ta kashe su ba, ko an yi musu tiyata, ko an ƙona, ko sa ido kawai aka yi. Ribar gwajin sai bayan shekara goma ake fara ganinta, wahalar allura da magani kuwa nan take ce, kuma ga mai zuciya irin taka ba wasa ba ce. Ko a can Beijing ɗin, likita zai fara duba ƙarfin jikinka kafin ya rubuta maka shi.

Maganar tana canzawa idan alama ta fito. Idan ka ga jini a fitsari, ko fitsarin ya fara tsayawa, ko ciwon baya da ƙugu ya hana ka barci da dare, ko kana ramewa ba dalili, to a ranar ka sa a kai ka asibiti, a ɗebi jinin, a taɓa furostet ɗin. Ka kuma gaya wa ɗan naka, idan ya kai 45, shi ne ya kamata ya je.