Filin Lambun Gida: Amsoshin Tambayoyinku Kan Furen Wardi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan wardi ne, wato furen nan mai ƙaya da masu sayar da fulawa a bakin titi ke ce ma ros, to sai na ga gara in tara su wuri guda tunda ga shi damina ta ja baya, kuma dama yanzu ne lokacin maganar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai ina bala'in son wardi wallahi, a watan Maris maigidana ya sayo mani guda uku cikin leda daga Kaduna, ja da fari da ruwan ɗorawa, duk da furensu gwanin sha'awa, amma ko sati uku ba a yi ba biyu sunka bushe ƙarmas, ɗayan ma ganye huɗu ya rage mashi, kuma kullum sai na ba su ruwa safe da yamma. Don Allah wane iri ne zai yi a nan wajenmu, ko dai ƙasarmu ce ba ta karɓar shi? Daga wata uwargida, Gusau.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, ƙasarmu tana karɓar wardi, na gan shi da idona yana fure a gidaje a Gusau da Birnin Kebbi har da Yauri. Abin da ya kashe naki lokaci ne. Kin dasa shi a bakin bazara, shi kuwa wardi yanayin da ya fi so shi ne zafin da bai wuce digiri 15 zuwa 28 ba, mu kuma a watan Afrilu ma'auni haura 40 yake yi, ga iska busasshiya, ga saiwar ba ta riga ta kama ƙasa ba, ko ruwan gulbi kika juye masa ganyen zai fi saurin zubar da ruwa fiye da yadda saiwar ke sha. Ki lura da wuraren da ake noman wardi na kasuwa a Afirka, bakin tafkin Naibasha a Kenya tudu ne da ya kai mita 1,800 da wani abu, a gida Najeriya kuma Jos ce mai kamar mita 1,200, duk wurare masu sanyi. Mu namu sanyin na aro ne, hunturu ke kawo mana shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda haka duk dabarar ita ce ki dasa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ya samu wata huɗu yana kafa saiwa kafin rana ta fara duka.

Sai maganar iri. Wanda maigidanki ya sayo, daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton mai babban fure ɗaya a kan dogon reshe ne, wanda masana ke kira haibirid-ti, irin wanda ake ɗaurewa a ba amarya. An fara samar da irinsa a Faransa a 1867, kuma gaskiya ba wanda ya kai shi kyau, amma ɗan gata ne, zafi kaɗan sai furen ya ƙanƙance gefensa ya ƙone. Ban ce kar ki taɓa shi ba, amma kar ki fara da shi. Akwai filoribanda mai fitar da furanni tuli-tuli a reshe guda, kowanne matsakaici, wannan ya fi haƙuri nesa ba kusa ba, cikinsu akwai wani fari sol da ake kira Iceberg wanda aka fitar a Jamus a 1958, yana da juriya sosai in kin dace da shi ki saya. Akwai ƙananan nan masu fure kamar maɓalli, su ne suka dace da tukunya da wanda ke gidan haya. Akwai kuma mai yaɗo da ke hawa katanga, shi sai kin yi masa haƙurin shekara biyu kafin ya nuna abin da ya iya, kuma kar a jingina shi da katangar bulo da ranar yamma ke gasawa.

Amma in kina son shawarata ta tsakani da Allah, ki zaga unguwarku ki nemi gidan da ke da tsohon wardi, irin mai ruwan hoda ko ja mai matsakaicin fure da ƙamshi wanda ya shekara biyar ko goma a tsakar gida ba wanda ya san sunansa, ki roƙi reshe. Yawancin irin waɗannan jinin wardin Sin ne mai maimaita fure, kuma tunda ya ga bazara goma a Gusau bai mutu ba to ya riga ya ci jarabawar da na cikin leda bai ma zauna ba tukuna. Wurin dasawa kuma ki nemi inda hantsi ke samu, kamar awa 5 zuwa 6, daga azahar inuwa ta rufe shi, gabashin ɗaki ke nan. Wancan guda da ya rage ki mayar da shi irin wannan wurin, ki cire duk wani toho na fure da ya fito har sai ya yi sabon ganye.

TAMBAYA: Salam Malam. Wardi biyu gare ni bayan ɗaki, shekara guda ke nan da anka dasa su, amma ganyen sai ya riƙa yin ɗorawa jijiyoyin na kore, na zuba toka na zuba kashin kaji abin sai ƙaruwa ya kai. Ruwan burtsatse muka amfani da shi. Mi ya kamata in yi? Daga wani malamin makaranta, Argungu.

AMSA: Malam ka tsayar da tokar nan yau yau. Wardi na son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, a ma'aunin tsamin ƙasa na masana 6 zuwa 6.5, toka kuwa kishiyar haka take yi, dangin kanwa ce, in ta yi yawa sai sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa ya ɗaure saiwa ta kasa zuƙarsa, alamarsa ke nan da ka gani, sabon ganye ya yi rawaya jijiya ta zauna kore. Wani ruwan burtsatsen ma yana da nauyi, za ka ga farin gishiri-gishiri a bakin tukunya ko saman ƙasa, shi ma yana ƙara matsalar. Kashin kaji ɗanye kuma zafi gare shi, ƙone saiwa yake.

Abin yi, ka kwashe ƙasar sama kamar zurfin yatsa ba tare da ka taɓa saiwa ba, ka maye gurbinta da takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, sannan ka yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya ya ratsa ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Ku mutanen Argungu Allah ya hore muku buntun shinkafa, ka samo tsoho wanda ya sha damina ka shimfiɗa a gindin kaurin yatsu uku, yana riƙe laima yana hana ƙasa ɗaukar zafi, sai dai kar ya taɓa jikin itacen kuma ka riƙa ɗagawa kana dubawa saboda gara. In za ka sake dasa wani ka haƙa rami kamu ɗaya zurfi kamu ɗaya faɗi, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya buntu, in ƙasar laka ce irin ta fadama ka ƙara yashi don wardi ba ya son ruwa ya kwanta masa. Takin zamani NPK cokali ɗaya ya isa wa itace guda a wata, nesa da gindi kaɗan, kuma bayan ka ba da ruwa, amma daga Maris zuwa Mayu ka ɗaga masa ƙafa gaba ɗaya, lokacin ba girma ake nema ba, a tsira da rai kawai ake so.

Tunda muna kan ganye bari in ƙara da wannan don mutane da yawa na tambaya. In damina ta yi nisa za ku ga baƙaƙen ɗigo a ganye sannan ya zube, cutar fumfuna ce da jiƙar ganye ke yaɗawa, a tsince waɗanda suka kamu a ƙone, a riƙa zuba ruwa a gindi da safe ban da watsawa a ka. Darɓa kuma da ke taruwa a sabon toho, a daka 'ya'yan dogon yaro kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace a sa ɗan sabulu a fesa da yamma. Da bazara akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye, waɗannan kam wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe shi ne maganinsu na farko.

TAMBAYA: Malam na ga ana tallar irin wardi shuɗi da baƙi da mai kala bakwai a Facebook, ƙwaya 100 a fakiti ɗaya, in saya? Daga wani matashi, Ƙauran Namoda.

AMSA: Ɗana riƙe kuɗinka. Wardi ba shi da sinadarin da ke ba fure launin shuɗi a halittarsa, kamfanin Suntory na Japan ya shafe shekaru yana aiki a kai kafin ya sanar da nasa a 2004, shi ma in ka gan shi ya fi kusa da shunayya mai haske. Wanda ake ce wa baƙi kuwa, ja ne da ya yi duhu sosai, mai kala bakwai kuma fari ne aka tsaga karansa aka tsoma a ruwan rini. Ko da ma ƙwayar ta gaske ce, irin wardi ba ya fitar da ɗa mai kama da uwarsa, kuma sai ya yi makonni cikin sanyin firij kafin ya tsiro.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Kakata ta taho mani da ruwan wardi daga Saudiyya ƙamshinsa ya shiga raina, shin zan iya shuka irin wanda ake yin shi da shi? Sannan maƙwabciyata ta ce in yanki reshen nata in dasa amma sau biyu ina gwadawa yana ruɓewa. Daga wata amarya, Birnin Kebbi.

AMSA: 'Yata Allah ya ba da zaman lafiya. Wannan da kike magana wardin Dimashƙa ne, shi ake nomawa a Ɗa'ifa da Iran da Turkiyya da Bulgeriya don turare, kuma ruwansa na cikin abin da ake haɗawa da zamzam wajen wanke Ka'aba. Sai dai Ɗa'ifa gari ne a kan duwatsu mai tsawon kusan mita 1,800, furen kuma sau ɗaya yake fita a shekara wajen Maris da Afrilu bayan ya sha sanyi, a Birnin Kebbi zai iya yin ganye amma fure da wuya ya gamsar da ke. Ki duba na maƙwabciyar, in yana da ƙamshi ya isa, ki tsinki furen da asuba kafin rana ta sha ƙamshin, ki zuba ruwa daidai ya rufe shi a tukunya ki rufe ki sa wuta kaɗan-kaɗan har launin ya fita, ki tace ki sa a firij. Ba zai kai na Ɗa'ifa ƙarfi ba tunda su tururin suke tatsa, kuma kar ki yarda ki yi da furen da aka fesa wa maganin ƙwari ko wanda aka sayo a shagon kwalliya.

Reshen kuma ina zargin ɗanye shataf kike yanka ko kina cika masa ruwa. Ki bari sai Nuwamba ko Disamba, ki zaɓi reshen da ya gama fure mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, ki yanka da reza mai tsabta daidai ƙasan ido, ki cire ganyen duka ki bar biyu a sama. Ki soka rabinsa cikin yashi da aka haɗa da ɗan buntu a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki kifa masa gorar ruwa ta roba da aka yanke gindinta, ki ajiye a inuwa mai haske, yashin ya zauna da laima kawai ba jagab ba. Ki dasa biyar ko shida a lokaci guda don ba duka ke kamawa ba, kuma don Allah ban da cirowa a duba, sati 4 zuwa 8 za ki ga sabon ganye ya tsaya da ƙarfinsa. Na ce tukunyar ƙasa ne da gangan, baƙar roba in rana ta doke ta dafa saiwa take yi.

TAMBAYA: Wardina ja ne babba lokacin da na saya, yanzu wani dogon reshe ya fito daga ƙasa ya fi sauran girma amma furensa ƙanana marasa kyau, jan kuma sai ƙanƙancewa yake. Daga wani ma'aikaci, Talatar Mafara.

AMSA: Alhaji naka mai aure ne, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro, an ɗora mai kyan fure a kan gindin wani mai ƙarfin saiwa. Ka duba ƙasa-ƙasa za ka ga ƙulli inda aka haɗa su, duk reshen da ya fito daga ƙarƙashin ƙullin na gindin ne kuma shi ke shanye abincin. Ka tone ƙasa har inda ya tsiro ka fizge shi daga tushe, in ka yanke shi a sama biyu zai dawo.

TAMBAYA: An ba ni wata fulawa mai kumburarren gindi da fure ja-ja anka ce mani wardin sahara ce, ita ma haka zan kula da ita? Daga wata uwa, Zuru.

AMSA: Inna wannan ai ƙariya ce tamu ta gida, suna kawai suka haɗa da wardi amma ba dangi ba ne ko kaɗan. Ita rana take so tsantsa da ƙasa mai yashi, kuma yawan ruwa ne ke ruɓar da ita, sai ƙasar ta bushe sarai za ki ƙara. Ki kiyaye da farin ruwan da ke fita in an karya ta, dafi ne, ki ɗora tukunyar inda jikoki da awaki ba za su kai ba, in kin taɓa ki wanke hannu da sabulu kafin ki kai ido ko baki.