Yadda ake bin labarin Will da Sonny ba tare da kallon shirin duka ba

Mai tambaya yana son bin soyayyar maza biyun nan, Will Horton da Sonny Kiriakis, a shirin Days of Our Lives na Amurka, amma yawan kashi-kashin ya tsorata shi. Da gaskiyarsa, tun 1965 ake nuna shi, kwana biyar a mako.

Fara daga Yunin 2011, lokacin da Sonny ya shigo Salem, garin da labarin ke faruwa. A 2012 Will ya bayyana wa danginsa cewa maza yake so, aka ɗaura aurensa da Sonny a Afrilun 2014. Kowane kashi labarai da yawa ne a cakuɗe, rabon Will da Sonny bai wuce 'yan mintoci ba, wata rana ma babu su. Shi ya sa masu kallo ke yanko wurarensu su jera a YouTube da sunan WilSon, wato haɗin sunayen Will da Sonny.

A nan ake tuntuɓe. Masu yankan sukan zubar da wuraren Gabi, alhali ita ce uwar Arianna, 'yar Will, sai ka ga jaririya a hannunsu ba ka san daga ina ba. Kwanan watan da ke kan bidiyoyin kuma irin na Amurka ne, wata kafin rana, 4/3 na nufin 3 ga Afrilu. Bidiyon yakan ɓace saboda haƙƙin mallaka, don haka riƙe jeri biyu.

Kada sauyin fuska ya ruɗe ka: ɗan wasa Guy Wilson ya karɓi matsayin Will daga Chandler Massey a 2014, aka kashe Will a 2015, aka dawo da shi da rai a 2017, Massey ya sake ɗaukar matsayin, Will kuwa ya manta komai. Sababbin kashi suna dandalin kallo na intanet mai suna Peacock tun Satumbar 2022.