Ku Tambayi Anti: Ɗan keken ɗinkin da aka samo a haraji (kasuwar gwanjo a Saudiyya)

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya zafi. Daga Jidda nake rubuto miki, unguwar Sabil. Ƴata ce mai shekara 8 ta addabe ni da son ɗinki, duk ƙyallen da ta gani a gida sai ta sa mai almakashi wai rigar ƴar tsana take yi, to da ƙaramar sallah na sai mata irin keken nan na roba mai batir, ko sati bai rufa ba zare ya cukurkuɗe a ciki ya daina ja. Ranar Juma'a kuma sai ga Abbansu ya dawo daga harajin Sawarik da wani ɗan mitsitsi na ƙarfe, baƙi, an rubuta Singer a jiki, da hannu ake juya shi. Na kai wa telan layinmu yace ai babu wajen zaren ƙasa an cire, ba zai yi ba. Kuma gaskiya in muka ɗinka muka ja zaren sai ya warware tas. Dan Allah in yar ne ko yana da gyara?
Maman yara, Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki yar, don Allah kar ki yar, Abbansu ya yi tsintuwa. Ba abin da aka cire a keken nan, haka aka ƙera shi. Telanku bai yi ƙarya da gangan ba, shi dai ya saba da babban keke mai zare biyu, na sama da na bobin a ƙasa, wannan kuwa zare ɗaya yake ci. Ki kifa shi ki leƙa ƙasan faranti za ki ga wata ƴar ƙugiya, ita ce ke cafke zaren duk sanda allura ta sauka ta riƙe madaukin har allura ta dawo ta ratsa ta cikinsa, shi ya sa in kika juya bayan ƙyallen za ki ga ɗinkin kamar sarƙa. Kin san ɗinkin bakin buhun shinkafa ai, wanda in kika kamo ta daidai wajen sai ya zare fuuu a ja ɗaya, in kika kamo ta ɗaya gefen kuma ko motsi ba ya yi? To shi ne wannan sak. Wani Ba'amurke James Gibbs ya yi rajistar keke mai irin wannan ɗinki tun 1857, kuma har gobe masana'antu na aiki da shi.

Yadda kika kwatanta shi ina kyautata zaton Singer lamba 20 ne, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1910 saboda yara kuma aka ci gaba da yin sa har shekarun 1970, daga baya ma aka riƙa kiransa Sewhandy. Na farko-farkon zubin ƙarfe ne masu nauyi. Ba su kaɗai suka yi ba, akwai Casige da Müller na Jamus, akwai Vulcan da Essex na Ingila, kuma in kika ci karo da wanda aka buga wa British Zone a jiki to bayan 1945 aka yi shi, lokacin da aka raba Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da nake so ki gane, mutanen da suka ƙera waɗannan ba abin wasa kawai suka nufa ba, keke ne na gaske aka ƙanƙanta shi daidai hannun yaro.

Maganar warwarewa kuwa kulli ne kawai ba ku yi ba. In kun kai ƙarshen ɗinki ki juya har allura ta hau can sama, ki jawo zaren ya yi sako-sako kamar tsawon yatsa, ki yanke, ki ɗaga ƙafar keken ki zare ƙyallen a hankali ta baya. Sai ki juya bayansa, za ki ga madauki na ƙarshe a buɗe, ki zura wutsiyar zaren ta ciki ki ja. Halas, ya kullu. Ki nuna mata sau biyu uku za ta riƙe, yara sun fi mu saurin kama irin wannan.

Kafin nan sai kin yi mai wanka. Jidda gari ne na bakin teku, danshin nan ba ya barin ƙarfe, in ya daɗe a ajiye za ki tarar da tsatsa a ƙugiyar da sandar allura. Ki samu tsohon buroshin haƙori ki kakkaɓe audugar da ta taru, ki goge tsatsar da ɗan kananzir a tsumma amma kar ki kai shi kan zanen ruwan zinaren nan na jiki don yana iya cinye shi, sannan ki ɗiga man keke, digo ɗaya ɗaya a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Man keke fa nace, ban da man girki, wannan daskarewa yake ya zama danƙo. Allurarsa ma daban ce, lambarta 24x1, ta fi ta keken gida gajarta, in kika cusa doguwa za ta riƙa dukan ƙugiya ko ta yi ta tsallake. In masu kayan ɗinki na Balad, tsohuwar kasuwar cikin garin Jidda, ba su da ita ana samu a intanet, ki sayi da ɗan dama ki ajiye. Kuma gefe ɗaya kawai ake juya shi, ki gwada babu zare ki ga ta inda haƙoran ke tura ƙyalle gaba ya bar wajenki, nan ne daidai. Asalinsa yana zuwa da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaure shi a bakin tebur, yawanci ya ɓace kafin ya iso haraji, sai ki nemi makamancinsa wajen masu kayan kafinta don in ba a ɗaure ba rawa zai yi ta yi.

Na roban nan kuwa wallahi raina na ɓaci da su. Ba wai kuɗin ba. Na taɓa zama kusa da jikar maƙwabciyata tana fama da irinsa, ta zura zare ya fi sau goma, ta danna, ya yi ƙara, ta ɗago ƙyalle babu ko ɗinki ɗaya sai huji, can sai ta ture shi tace ita dama ba ta iya komai ba, idonta taf da hawaye. Laifin keke ne amma yarinya ta ɗora wa hannunta. Haƙoran cikinsu roba ne, ba su da ƙarfin jan ko atamfa ninki biyu, abu ɗaya da zan yaba musu shi ne murfin da ke kare yatsa daga allura.

Shi na ƙarfen ba shi da wannan murfin, don haka zama za ki yi da ita, ba miƙa mata za ki yi ki shige kicin ba. Ku fara da takardar littafi mai layi babu zare, ta bi layin da huji har hannunta ya miƙe, sannan ku koma ragowar atamfa ko yadin auduga. Ban da yadin abaya, santsi gare shi ko manya yana ba su wuya. Ƴar jakar da za ta riƙa sa juz'inta in za ta tahfiz ta isa aikin farko. In akwai mai rarrafe a gidan a ɗaga keken sama bayan an gama, tsofaffin fenti wasunsu akwai dalma a ciki kuma ba a so yaro ya kai baki.

TAMBAYA: Hajiya barka da ƙoƙari. Ɗana ne ɗan shekara 11 yake son irin ƙananan fararen kekunan nan masu wuta da ake talla a waya, mahaifiyarsa kuma tace ɗinki ba na namiji ba ne. Me kika gani?
Wani uba, Shara Mansur, Makka

AMSA: Malam, a gaya wa uwargida da girmamawa ta leƙa kasuwar Kwari ko Sabon Gari in an je gida, ko ma shagunan masu ɗinkin jallabiya na nan Makka, ta ƙirga mata nawa ne a kan keke. Ku bar shi ya koya. Waɗannan fararen sun ɗara na wasa don zare biyu suke ci kuma ɗinkinsu ba ya warwarewa, amma ba su da nauyi, suna tafiya a kan tebur, kuma kauri kaɗan ke tsayar da su. Ɗan shekara 11 ƙafarsa ta kai feda, ni da za ku ƙara kuɗi ku samo mai tsohon Butterfly ko Singer babba a haraji da ya fi, zai kai shi har girma. In kuma mai wuta kuka saya na hannu, ku duba bayansa kafin a jona, wasu na wuta mai ƙarfin 110 ne kuma yawancin gidaje yanzu 220 ne, jonawa ɗaya injin ya ƙone.