Tambaya da Amsa: Ɗan Adawa da Kuɗin Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum sai mu ji an ce wane ɗan gwagwarmaya kuɗin Turawa yake ci. Yaya za a yi mutum ya gane ko gaskiya ne ko sharri ne kawai? Mai karatu, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zarge-zarge biyu ake cusawa a buhu ɗaya: karɓar kuɗin, da kuma yi wa mai kuɗin aiki. Na farko takardar banki kan nuna shi. Na biyu kuwa sai an kawo shaidar cewa an ba shi umarni ya bi.

Fara da tambayar wa ya karɓa. In jam'iyya ce, sashe na 225 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana ta riƙe kuɗin da aka aiko daga waje, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. Ƙungiya mai zaman kanta ba a hana ta ba, muddin ta yi rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da SCUML (sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram), tana kuma gabatar da lissafinta duk shekara. Saboda haka nemi rahoton binciken kuɗinta: wa ya bayar, nawa, don wane aiki. In ana ɓoye sunan mai bayarwa, ko kuɗin na bi ta asusun mutum ɗaya, to akwai lauje cikin naɗi.

Sai ka duba inda zargin ya ƙare a kotu, abin da yawancinmu ba ma bi. A Masar, a shari'a mai lamba 173 kan zargin karɓar kuɗin waje, an yanke wa ma'aikatan ƙungiyoyi 43 hukunci a 2013, sannan kotu ta wanke su duka a Disambar 2018, bayan an riga an rufe ofisoshinsu. Nan gida ma, a Nuwambar 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa kotu ta toshe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS, aka buɗe su a Fabrairun 2021.

Ba mu ce duk mai karɓa tsarkakakke ba ne. Tono maganganunsa na kafin tallafin ka gwada da na bayansa. Wanda ya daina sukar ƙasar da ke ba shi kuɗi, ko ya tashi dare ɗaya da batun da jama'arsa ba su taɓa kuka da shi ba, wannan ya cancanci a titsiye shi.