An ce dalar masu zuba jari ta dawo, in ci bashin dala?

Tambaya: Malam, yadi nake shigowa da shi Kantin Kwari. Kullum a rediyo ana cewa masu zuba jari na waje sun dawo, naira ta zauna. Abokina ya ce in ci bashin dala in ninka oda, amma gabana faɗuwa yake. In yi?

Amsa: Alhaji, kada ka ci bashin dala alhali da naira kake ciniki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda masu sharhi a rediyo da Facebook ke kiran kowace dalar da ta shigo "zuba jari". Wanda ya gina masana'anta ba ya ɗaukarta a ka ya gudu. Amma yawancin kuɗin da ake yi wa guɗar nan takardun bashin gwamnati da na Babban Banki suka zo saya, don ruwan da ke kansu, bayan da bankin ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Mai wannan kuɗi yana zaune a Landan ko New York; ran da ya ga dama, da yatsa ɗaya a kwamfuta zai kwashe abinsa.

Kuma sau da yawa ba halinmu ke korarsa ba. A 2013, a taron shugabannin manyan bankunan ƙasashe na Jackson Hole a Amurka, masaniyar tattalin arziki Hélène Rey ta nuna cewa kuɗin nan tare suke shiga ƙasashe, tare suke fita, kuma Babban Bankin Amurka da tsoron masu kuɗi ne ke kaɗa musu ganga. A watan Mayun shekarar, Bernanke, shugaban Babban Bankin Amurka na lokacin, ya ambaci rage sayen takardun bashi kawai, sai darajar kuɗin Indiya da Indunisiya da Turkiyya ta zube. Tun 2004 masana tattalin arziki Kaminsky da Reinhart da Végh suka nuna cewa kuɗin waje suna kwarara ne lokacin yalwa, su janye ran da aka fi buƙatarsu.

Mu ma mun ɗanɗana. Bankin JP Morgan na Amurka ya sa takardun bashin Najeriya cikin jerinsa da masu zuba jari ke bi a 2012, aka yi ta murna. Farashin mai ya karye a 2014, aka cire mu daga jerin a 2015, a Yunin 2016 dala ta tashi daga naira 197 zuwa kusan 280 rana ɗaya. Na san 'yan kasuwar da kayansu ke kan ruwa a lokacin. Kafin kwantena ta iso Apapa, bashin ya cinye riba har da uwar kuɗi.

In ka ƙara oda, ka ƙara da abin da ke hannunka, ka biya dalar yanzu, kada ka bar ta sai kaya sun iso.