Kolak zai yiwu a gida, amma sai da madarar kwakwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko kolak ɗin nan, abin zaƙi na ayaba da dankali a madarar kwakwa da 'yan Indonesiya ke buɗa baki da shi, zai yiwu da kayan kasuwarmu, da kuma ko madarar gwangwani za ta tsaya a madadin ta kwakwa. Zai yiwu sosai, amma maganar madarar gwangwani kam don Allah ki bar ta, duk daɗin abin a kwakwar nan yake.

Mun zauna a birnin Yogyakarta na Indonesiya lokacin da maigida ke karatu, can da azumi daga la'asar sai ki ga an jera tebura bakin titi, kolak a ƙulle a leda ko a kofin roba, mutane na saye suna ratayewa a babur kowa na sauri kafin magariba. Maƙwabciyata ce ta koya min a kicin ɗinta. Ruwa take fara ɗorawa da jan sukarinsu, gula jawa, wanda ake dafawa daga ruwan bishiyar kwakwa, ta ƙulle ganyen pandan ta jefa don ƙamshi, sai gishiri ɗan kaɗan, kar ki raina gishirin nan wallahi shi ke fito da zaƙin. Dankalin Hausa ke fara shiga tunda ya fi daɗewa bai dahu ba, in ya kusa sai ayaba.

To ayabar nan ki kula. Su da pisang kepok suke yi, mai jiki ce tana jure wuta, irin wadda muke ɓarewa mu ci kuwa narkewa take ta zama kunu. Ki nemi agada wadda ta nuna amma bata yi luguf ba, ki yanka da kauri. Agada 3, dankali 2, ruwa kofi 3, madarar kwakwa kofi 2 ya isa gida. Wasu da kabewa ko rogo suke yi.

Madarar kwakwa ita ce ƙarshe. Ki goge kwakwa ki matse da ruwan ɗumi ki tace, ki rage wuta sosai kafin ki zuba, sannan ki tsaya a kai kina juyawa a hankali, in kika bar ta ta tafasa da ƙarfi tsinkewa take, mai ya taso sama ruwa ya koma ƙasa. Da ta fara ɗan motsi ki sauke.

Mazarƙwaila na tsayawa a madadin jan sukarin nasu, ki narkar ki tace saboda tsakuwa. Pandan ne mai wuyar samu, ni kirfa nake sawa, ƙamshin ba ɗaya ba amma yana yi. Da ɗuminsa ake sha ko a sa ƙanƙara, kuma ki yi daidai na ranar don abin kwakwa baya jure zafinmu, ragowar ki sa a firji da wuri.