Kada ka huda ramin boris sai ka gama ƙira

Ƙanena, sannu. Ka ce a kwamfuta fukafukan abin adon nan naka mai juyawa da iska suna juyawa lafiya lau, amma da ka ƙera su da jan ƙarfe ka kafa, sai abu ya rinjaya gefe guda, iska na kaɗawa shi ko gezau. Wallahi ciwon nan na san shi.

Manhajar zanen nan ta Fusion 360 ba ƙarya ta yi maka ba. Lissafinta na farantin da kaurinsa ɗaya ne daga baki zuwa baki. Kai kuma ka gasa shi, ka ɗora a uwar maƙera ka bi shi da masaba, nan ya yi sirara, can ya baje. Tsakiyar nauyin ta riga ta bar inda zane ya ajiye ta. Saboda haka gama ƙira, gama liƙi, sannan ka ɗora hannun da ke ɗauke da fukafukan a bakin wuƙa kana matsar da shi har ya tsaya cak, a nan za ka huda. In rassa ne da yawa, fara da ƙaramin na ƙasa ka hau sama.

Amma tsaya, wa ya yanka maka farantin? Don ni mutum ne ya cuce ni. Na kai wa wani mai injin leza faranti sabo da fayil ɗina, ya bugi ƙirji wai ba abin da injinsa ba ya yankawa. Ashe irin na yankan roba da katako ne, wanda jan ƙarfe ke mayar wa da haskensa. Maimakon ya kira ni ya ce abu ya gagara, sai ya sa yaransa suka bi zanen da almakashi da injin gurza, suka goge bakin ya yi sumul, ya miƙo min yana murmushi. Ragowar farantin ma bai dawo da shi ba, kun dai san kuɗin jan ƙarfe a kilo. Ranar kafawa a gidan Alhajin da ya ba ni aikin, ga baƙi an tara, iska har tana ɗaga labule, abin nan ya yi rabin juyi ya dawo ya tsaya. Ɗan autan gidan ya ce, "Baba, yaushe za a kunna?" Aka yi dariya. Ni gumi kawai nake sharewa. Da na koma wurin mutumin da fukafukan da sikeli, na nuna masa babu biyu da nauyinsu ya zo ɗaya, budar bakinsa sai ya ce ai aikin hannu ya gāji haka. Har yau in na bi ta layinsu raina ɓaci yake. Allah ya isa.

To, auna kowane fiffike a ƙaramin sikeli, wanda ya fi nauyi ka rage shi da magagari. In ba ka sami leza irin ta faiba ba, buga zanen a takarda, manna, ka yanka da zarton maƙeran zinariya.

Ka kuma leƙa irin ƙarfen da ka zaɓa a manhajar, don da ƙarfen sitil take farawa. Shi nauyinsa wajen giram 7.85 ne a santimita kubik, jan ƙarfe 8.96. In ka haɗa biyun, lissafi ya kauce.

Hannuwan kuma kada ka yi su da jan ƙarfen da ya sha wuta, laushi gare shi, zai sunkuya. Sa sandar sitil marar tsatsa. Boris mai murfin roba ya fi tare ƙurar hunturu, sai dai yana da ɗan riƙo, ƙaramar iska ba ta iya masa. Ni mai murfin ƙarfe nake sawa, in yi masa 'yar hula ta jan ƙarfe a kai.

Af, in a waje za ka kafa, ɗaga shi sama sosai, 'yan jari-bola ba su san zane ba, kilo suka sani.

Turo mana hoton wurin boris ɗin da nauyin kowane fiffike mu gani.